Takardar tambayoyin ciwon baya: me take aunawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, kuma kusan shekara guda ke nan ina fama da ciwon ƙugu. Da na je sashen gashin ƙashi na asibiti, na ɗauka hoto za a yi mini, sai aka miƙo mini takarda mai tambayoyi a kan zama da tsayuwa da barci, aka ce zan sake cika ta bayan wasu makonni. Shin tana da wani amfani na gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da lafiya. Ciwon da ya wuce wata 3 ana lissafa shi cikin ciwo mai daɗewa, kuma a irinsa hoto ba ya faɗin komai game da abin da ciwon ya hana mutum yi, domin akwai masu lafiya ƙalau da hotonsu ke nuna zaizayewar ƙashin baya, akwai kuma wanda ruku'u ke gagararsa alhali hotonsa bai nuna wani abu ba. Wannan giɓin takardar take cikewa.

Bisa bayaninka, mai yiwuwa ma'aunin Oswestry aka ba ka, wanda aka fitar a Ingila a 1980. Sassa 10 gare shi, kowanne da maki daga 0 zuwa 5, a ƙarshe a mayar da jimlar zuwa kashi cikin 100. Daga 0 zuwa 20 ciwon bai tauye mutum sosai ba, daga 41 zuwa 60 kuwa ya yi tsanani. Akwai kuma na Roland da Morris na 1983, mai jimloli 24, inda majiyyaci ke zaɓar waɗanda suka dace da halinsa a ranar.

Masana ba sa amincewa da irin wannan takarda sai sun jarraba ta. Suna duba ko mutumin da ciwonsa bai canza ba zai sami maki kusan iri ɗaya idan ya cika ta sau biyu, da kuma ko makin zai motsa idan sauƙi ya samu. A ma'aunin Oswestry, raguwar maki kusan 10 ita ce da yawa ke ɗauka a matsayin sauƙin da majiyyaci zai ji a jikinsa, shi ya sa aka ce ka sake cikawa. Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara shi zuwa Hausa, sun kuma gwada shi, don haka ka tambaya ko akwai na Hausa.

Duk da haka, a ganina yana da naƙasu a wajenmu. Yana tambayar zama a kujera, amma bai san tabarma ba, bai san tsugunon alwala ba, balle sujada ko taka keken ɗinki daga hantsi zuwa la'asar a wunin jajiberen salla. Waɗannan sai ka faɗa wa likita da bakinka, ka roƙi ya rubuta.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'armu ta cewa "da sauƙi, alhamdulillahi" ko da mutum bai runtsa ba. Godiya ga Allah wajibi ce, amma idan rabin awa a kan keke ke sa ka miƙe kana dafe da ƙugu, to a takardar layin da ya ce ciwo na hana ka zama fiye da rabin awa za ka zaɓa, kada kunya ta sa ka rage, kada kuma ka ƙara don a tausaya maka.

Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa, ko ka daina jin taɓawa a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya riƙe ko ya zubo ba da saninka ba, ko zazzaɓi da rama sun haɗu da ciwon, ka koma asibiti a ranar, kada ka jira lokacin cika takarda.