Na sa wa furosesa iyaka, ta tsallake

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Linux nake amfani da shi a kwamfutata ta cinya. Saboda zafi na ƙayyade wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) gudu kada ta wuce 2GHz, kuma tana bi. Amma in na rufe murfin ta yi barci, ina buɗewa sai fanka ta dinga kuka kamar ban saita komai ba. Laifin wa ne?

Amsa: Amin, ɗan'uwa. Kafin a ɗora wa kowa laifi, shiga /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/ ka buɗe fayil ɗin scaling_max_freq bayan ta farka. Da kilohaz ake rubuta lissafin, don haka 2000000 ya kamata ka gani. In lambar ta canja, mai yiwuwa wata manhajar kula da batir ce ta goge maka, ba kanel (zuciyar Linux) ba.

In kuwa lambar na nan daram, amma turbostat (manhajar auna gudun furosesa) ya nuna maka gudu ya haura, to direba nake zargi, wato manhajar da kanel ke sarrafa furosesa da ita. Duba scaling_driver ka ga wanne ne: intel_pstate, da ya shigo kanel a 2013, ko amd-pstate na 2022.

Ga inda gizo ke saƙar. Furosesa ta zamani ba da gigahaz ake ba ta umarni ba. Lamba take karɓa tsakanin 0 da 255, matakin ƙwazo, ita kuma ta zaɓi gudunta a ƙarƙashinsa. Aikin direba ne ya mayar da 2GHz ɗinka wannan lambar, ya rubuta a rajistar furosesa, wato ɗan ma'ajin da ke cikinta. Barci na iya share rajistar. In direban bai sake rubutawa ba da aka farka, fayil zai ci gaba da ce maka iyakarka na nan, furosesa kuwa tana ta sheƙa gudu. Gyaran irin wannan a kanel sau da yawa layuka kaɗan ne, gano shi ne wahalar.

Shawarata, ka sabunta kanel tukuna. In bai warke ba, bayan kowace farkawa ka buga umarnin cpupower frequency-set -u 1.9GHz, sannan ka mayar da 2GHz. Canja lambar nan shi ke tilasta wa direba ya sake rubutawa. Maganin wucin gadi ne fa, don haka ka kai ƙorafi wurin masu kula da Linux ɗinka, haɗe da sunan furosesar da abin da turbostat ya nuna kafin barci da bayansa.