Silaid ɗina duk ya yi ruwan ƙasa, na gano MMP-9 kenan?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu ne, aikina akan furotin ɗin MMP-9 da akace yana da hannu wajen yaɗuwar kansar mama. Na sayi antibodi na bincike (furotin ɗin da ke maƙale wa abin da ake nema) na yi IHC, wato rina silaid da antibodi dan a ga inda furotin yake, akan tsokar da aka yanko daga marasa lafiya, sai kusan kowane silaid ya fito ruwan ƙasa sosai har wuraren da ba kansa. A westan bulot kuma, gwajin da ke raba furotin bisa nauyinsu, layi uku na gani maimakon ɗaya. Zan iya rubuta cewa kansar mutanen nan tana yaɗuwa? Kuma likita zai iya ɗaukar sakamakona ya faɗa wa mara lafiya halin da take ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bada sa'a. Bari in fara da ta ƙarshen dan ita ce mai haɗari: a'a, ko kusa. Ki duba jikin kwalbar antibodin ko takardar da ta zo da ita zaki ga kamfanin da kansa ya rubuta cewa dan bincike kawai aka yi shi, banda gano cuta. Irin wanda asibiti ke yanke hukunci da shi, misali gwajin HER2 da ake yi wa tsokar kansar mama, an riga an tsara masa komai tun daga yadda za a jiƙa tsokar har yadda za a bada maki daga 0 zuwa 3+, kuma in ya fito 2+ ma ba a yarda sai an sake wani gwajin da ke ƙirga kwafin ƙwayar gadon. MMP-9 bai da irin wannan tsarin. Likita yana sanin kansa ta yaɗu ne ta kaluluwar da aka cire aka duba, da hoton sikanin, da tsokar da aka ɗebo daga inda ake zargi.

To mu dawo kan ruwan ƙasan naki. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne antibodi bai san sunan furotin ba, wani ɗan gurbi kawai yake ganewa a jikinsa wanda bai wuce 'yan amino asid ba, duk abin da ya yi kama da gurbin nan zai iya maƙale masa. Bayan shi kin zuba antibodi na biyu mai ɗauke da enzayim ɗin HRP, kika kawo sinadarin DAB wanda HRP ke juyawa ya bada kalar ruwan ƙasa. Kinga mataki uku kenan, kuma kowanne zai iya yin ƙarya shi kaɗai. Ruwan ƙasa abin da yake ce miki kawai shi ne an samu wani abu da ya juya DAB a wurin nan, amma cewa MMP-9 ne wannan ke zaki kawo hujja.

Shi kuma MMP-9 yana da halinsa da ke rikita mutane. Almakashi ne, yana yanka kolajin nau'i na 4 da ke cikin shimfiɗar da ta tokare ƙwayoyin halitta, shi yasa ake danganta shi da yadda kansa ke fasa katanga ta shiga jijiyar jini. Amma ba ƙwayar kansa kaɗai ke yin sa ba, fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil a cike suke da shi sun tara a 'yan jakunkuna, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj ma suna yi, dan haka duk tsokar da ke da kumburi ko gyambo zata yi kala raɗau ko da ƙwayoyin kansar kansu basu yi komai ba. Ƙarin abin haushi niyutirofil ɗin da jajayen ƙwayoyin jini suna iya juya DAB da kansu ba tare da antibodin kowa ba, in baki kashe wannan da haidurojin feroksaid ba, yawanci kashi 3 cikin ɗari, kin gama yaudarar kanki. Ki koma kan madubi ki ƙara girman hoton ki duba waye ainihin ya yi kalar, ƙwayar kansa ce ko baƙin da suka zo kewayenta.

Ni kaina ya taɓa faruwa da ni lokacin ina koyo, na kwana biyu ina murna da wasu silaid da suka yi kyau kamar a saka a littafi, sai wanda ke duba aikina yace in kawo wanda ban zuba antibodi na farko ba, ni kuwa ban ma yi shi ba. Da na yi sai ya fito da kala iri ɗaya sak, har gefen da tsokar ta bushe ya fi ko'ina duhu. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Dan haka kafin ki ƙara taɓa tsokar mara lafiya ko ɗaya, ki yi silaid da babu antibodi na farko, ki yi wani da antibodi ɗan gidansu wanda bai gane komai a jikin mutum, sannan ki samu tsokar da aka tabbatar tana da furotin ɗin. Wanda ya fi duka ƙarfi shi ne ƙwayoyin da aka cire musu ƙwayar gadon MMP-9 gaba ɗaya da fasahar yanke ƙwayar gado ta CRISPR, ko aka rage shi da siRNA mai hana ƙwayar halitta yin furotin ɗin, in kala ko layi ya tsaya yadda yake a nan bai dushe ba to antibodin wani abu daban yake kamawa, magana ta ƙare. Ki kuma gwada tsarma antibodin mataki-mataki, dan lambar da kamfani ya rubuta wurin farawa ce kawai, yawancin silaid da komai ya yi duhu antibodi ne ya yi kauri. Ki tambayi awa nawa tsokar ta yi a cikin fomalin, ruwan da ake jiƙa ta dan kar ta lalace, na mama ƙa'idar awa 6 zuwa 72 ce, sannan ki gwada dafa silaid ɗin a ruwan sinadarin sitiret mai pH 6 da kuma na EDTA mai pH 9 ki ga wanne ya fi fito da abu tsaf.

Layi ukun nan kuwa bai zama lallai matsala ba, ya danganta da inda suka tsaya, kuma baki faɗa min ba. MMP-9 na mutum yana fitowa a kulle a wajen kilodaltan 92 (ma'aunin nauyin furotin kenan), in an yanke masa kai ya fara aiki sai ya dawo wajen 82. In baki saka DTT, sinadarin da ke raba furotin da suka manne, ko makamancinsa ba zaki iya ganin wani a wajen 130, wannan shi ne ya haɗe da wani furotin na niyutirofil mai suna NGAL, wani ma sama da 200 in biyu suka manne. Amma in kin ga layi mai kauri a 72 ki fara zargin ɗan uwansa MMP-2, sun yi kama sosai. Na ɓera kuma a wajen 105 yake, kar ki rikice in kin karanta aikin da aka yi da ɓeraye. Sannan tunda fitar da shi waje ƙwayoyin ke yi, in kina renon su a faranti ki nemo shi a ruwan da suke ciki wanda ba a saka siram, wato ruwan jini, ba, in kika fasa ƙwayoyin kawai ɗan kaɗan zaki samu. Ni dai da ni ce zan haɗa da zaimogirafi na jelatin, inda enzayim ɗin da kansa ke cinye jelatin ya bar farin layi a shuɗin fili, wannan babu ruwansa da antibodi, in suka yi daidai hankalinki ya kwanta.

Kar kiga kamar ke kaɗai abin ya samu. A 2017 wasu masu bincike a Suwidin sun gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen gano wani mai karɓar sinadarin estirojin da ake kira ER beta, guda ɗaya tak suka samu yana kama abin da aka ce yana kamawa, alhali an shafe shekaru ana wallafa sakamako da sauran. A 2023 kuma ƙungiyar YCharOS mai tantance antibodi ta gwada antibodi 614 akan furotin 65, fiye da rabi sun faɗi a aƙalla gwaji ɗaya. Shi yasa nake cewa ki rubuta lambar kaya da lambar zubin da aka aiko miki, musamman in folikulonal ne, wato gaurayen antibodi da aka samo daga jinin zomo, zubin bana zai iya bambanta da na bara.

Ko bayan kin tabbatar MMP-9 ne, iyakar abin da zaki rubuta shi ne yawansa ya tafi tare da kaza, misali shiga kaluluwa, kuma masu bada makin su zama biyu waɗanda basu san bayanin marasa lafiyar ba. Cewa shi ya jawo yaɗuwar wannan silaid bazai iya nunawa ba, magungunan toshe MMP irin su marimastat ma an gwada su a mutane basu bada abin da aka zata ba. Ki fara yin silaid ɗin da babu antibodi na farko a satin nan, sai ki turo min lambobin da layukan ukun suka tsaya mu duba tare.