Amsa: me ya sa dajin hanji ke dawowa bayan magani?

Salam ƴar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya me ya sa dajin hanjinsa ya dawo bayan an gama masa shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji) a Garwa. To cikin ƙarin akwai wasu ƴan ƙwayoyi kamar iri, su ke haifar sauran, tun 2007 masana suka gano su a dajin hanji. Magungunan shimiyo irin su 5-FU sun fi kashe masu saurin yaɗo, waɗannan kuwa sai su lafe kamar saiwar ciyawa da rani, ruwa na sauka su tofo. An gwada wani magani mai suna napabucasin a kansu amma babban gwajin bai yi nasara ba, shi ya sa wallahi masu tallan maganin waɗannan ƙwayoyi a WhatsApp ke ɓata min rai. Ki mai da shi wurin likitansa da wuri don Allah, wani sa'in har tiyata ana sake yi.