Amsa ga 'yar'uwar da aka cire wa kuɗi ba su shiga ba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika ce kin tura wa mai abayoyi N65,000, an cire a asusunki, ita ta ce ba ta ga komai ba, banki kuma sun ce ki jira kwana bakwai na aiki, ga shi an doshi wata guda shiru: wallahi ina karanta rubutunki gabana yana faɗuwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki kwantar da hankalinki tukuna, irin waɗannan kuɗin yawanci maƙalewa suke yi a hanya, ba ɓata ba. Amma fa babu mai bi miki su in kika zauna a gida kina jiran alat.

Ni nawa ya same ni ne a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, kun dai san halin da aka shiga. Na tara kuɗin ankon bikin wata yarinya a unguwarmu, kuɗin mutane ne duka, na shiga kasuwar Kwari sayen atamfa wurin wani Alhaji da na yi shekaru ina ciniki da shi. Aka ƙirga turamen, aka ɗaure, N310,000. Na tura, abin ya yi ta juyawa a waya, can sai ga saƙon an cire. Na nuna masa. Ya duba tasa wayar, babu. Muka zauna jira har aka yi la'asar. Ɗan dako ya riga ya ɗora kayan a ka, sai kawai Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Kai, sauke kayan nan! Hajiya, irin wannan alat ɗin mun sha ganinsa a kasuwar nan."

Ni! Ni da na je masa gaisuwar rasuwar mahaifiyarsa har gida. Na ce, "Alhaji, yau ni ce mai alat na bogi?" Ko kallona bai yi ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Yaransa suka shiga kwance ɗaurin suna mayar da atamfar kan kanta, maƙwabtan shago sun leƙo, wata mata da ke zaune kusa da ni a benci ta janye jakarta ta rungume a ƙirji. Wannan janye jakar har gobe ba ta bar raina ba. Da ya ce min kawai in bar kayan sai kuɗi sun shigo, ai da babu komai, haƙƙinsa ne, ni ma 'yar kasuwa ce, na san ana cutar mutane. Amma ya tozarta ni a bainar jama'a. Na fito ina rufe fuska da mayafi, ko kuɗin adaidaita babu a hannuna, don tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a lokacin. Uwar amarya kuma tana ta kira. Ƙarshe 'yan kunnena na gwal na sayar na sayi atamfar a wani shagon, don kada a ce na ci kuɗin anko. Bayan komai ya bayyana, ko saƙon ba-haƙuri bai aiko ba. Allah Ya isa ban ce ba, amma ban ƙara taka shagonsa ba.

To, banki. Layi tun daga bakin get, maigadi na rabon lamba. In ka samu ka shiga, wadda ke teburin ƙorafi ko kai ba ta ɗagowa, sai dai "Madam, ki je gida, zai dawo da kansa." Na koma, aka ce ai kuɗin sun tafi, matsalar can ce a bankin Alhajin. Can kuma suka ce ni ba mai asusu ba ce a wurinsu, ba za su duba min komai ba. Haka suka yi ta ƙwallo da ni makonni. Sai ƙanin maigidana ne ya tambaye ni, "Anti, ina lambar ƙorafin da suka ba ki?" Ashe duk zaryar nan ba wanda ya shigar da maganata a kwamfuta. Ƙorafin baki a wurinsu iska ne.

Don haka in kin je, ki rubuta a takarda: ranar da kika tura, adadin kuɗin, asusun da kika tura wa. Ki yi kwafi biyu, su buga hatimi a naki, kuma kada ki tashi daga kujerar nan sai sun ba ki lambar bibiyar ƙorafi. In sun ce babu buƙata, ki nemi ganin manaja, cikin ladabi amma kada ki motsa.

Sannan ki buɗe rasit ɗin a manhajar bankinki, akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30, an rubuta Session ID a gefenta. Kuɗin da ke tafiya tsakanin banki da banki ta hannun NIBSS suke bi, wato kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, kuma da wannan lambar ake gano inda suka tsaya. Ki ba mai abayoyin ita ma ta kai bankinta, ta kuma ciro bayanin asusunta na wannan ranar da washegari. Ba zarginta nake ba, Allah Ya kiyaye, ni da aka zarga na san zafinsa. Sai dai sau da yawa kuɗin sun shiga, saƙon ne bai zo ba, mutum kuma bai duba balas ba.

Wannan kwana bakwai da suke faɗa, ki sani ba haka dokar ta ce ba. Tun 2018 Babban Banki, wato CBN, ya ce turawar da ta gaza a mayar da ita cikin awa 24, har da tarar N10,000 a kan bankin da ya saɓa (ba aljihunki za ta shiga ba, kada ki sa rai). A Yunin 2020 kuma suka fitar da na kati: ATM ɗin bankinka nan take, in ya ƙi, awa 24, na wani banki awa 48, POS da sayayya ta intanet awa 72. Ranar da na ambaci wannan a teburin, a ranar ma'aikaciyar ta ɗago kai ta kalle ni.

Maganar POS ta tuna min. 'Yan'uwa, don Allah ku daina barin rasit ɗin da ya ƙi a hannun mai POS. Ku karɓa, ku ɗauki hotonsa nan take, don rubutun takardar nan gogewa yake a jaka. Lambar RRN da ke jiki ita banki za su tambaya. In rasit ɗin ya nuna lamba 91, hanyar bankin ce ta tsaya, kada a ce ku sake saka kati, a cire muku sau biyu. Kuma ba mai POS ne zai biya ku ba, bankinku ne, kada ku tsaya faɗa da yaron mutane a bakin titi.

Wani abin kuma, tunda kin yi rubutu a fili, yanzu za ki ga masu tambarin banki suna turo miki saƙo a keɓe wai za su taimaka. Ɓarayi ne. Duk wanda ya nemi PIN, ko lambar da aka turo miki ta waya, ko lambobin jikin kati, ki toshe shi. Banki ba ya tambayar waɗannan.

In mako biyu suka cika da lambar ƙorafi a hannunki ba su yi komai ba, sai ki kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN ta imel, cpd@cbn.gov.ng, ki haɗa da lambar, da hoton takardar mai hatimi, da rasit. Ni sai da na tura can sannan aka kira ni a waya ana "Hajiya, Hajiya", kuɗina suka dawo babu ko bayani. Zuwa lokacin biki ya wuce, gwal kuma ya tashi, 'yan kunnen ba su sake sayuwa ba.

Ki je ran Litinin da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ki tafi da katin shaida da bironki, kuma reshen da kika buɗe asusun ya fi in yana kusa. Allah Ya fito miki da haƙƙinki.