Wa zai ɗora mu a hanya wajen kafa ƙungiyar gama kai ta kayan abinci?

Hajiya, kin ce ku matan unguwa kuna so ku haɗa kuɗi ku riƙa saro masara da wake daga Dawanau kuna rabawa a tsakaninku, kina neman wanda zai ba ku shawara.

Ku fara zuwa wurin jami'in ƙungiyoyin gama kai na gwamnatin jiha. Shi zai taya ku rubuta dokokin ƙungiya, ya bi muku rajista. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1993 ta ce sai kun kai mutum 10.

Amma ni a ganina mai riƙe littafi ya fi kowa muhimmanci. Ku nemi wanda ya karanci harkar, irin ɗaliban Kwalejin Gama Kai ta Tarayya da ke Kaduna, ya zauna da ma'ajinku har hannunta ya faɗa: buhu nawa ya shigo, kwano nawa ya fita, wa ta ɗauka bashi. Rigima daga nan take tashi, ranar da aka auna buhu aka ga babu kwano biyu.

Batun ajiya kuwa, malamin gona na KNARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, zai nuna muku yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye shi.