Sunan da Baba Ya Hana a Rufe Littafi Saboda Shi

'Yata, saƙonki ya iso tun daren Talata, sai yau na samu zama in amsa, don idona ba ya jure hasken waya da dare. Kin ce mamanki ta kira ki a kan ambulan ɗin watan Nuwamba, wanda muke rubuta sunayen mamatanmu a kai cocinmu na Katolika a yi musu Misa, sai ƙawarki ta ɗakin kwana ta ji, ta ce ki nuna mata inda aka rubuta haka a Littafi Mai Tsarki. Ta ce wanda ya mutu littafinsa ya rufe, kuɗin da ake sawa a ciki kuma kamar sayen Sama ne. Kika rasa amsa, kika juyo kaina: "Kawu, wannan addini ne ko kuwa al'adar gidanmu ce kawai?"

Da na karanta sai da na yi murmushi, don na tuna ke ce kike kuka kina 'yar shekara biyar in ba a ba ki ambulan ɗin kin riƙe ba. Daga baya murmushin ya ɗauke. Yarinya ta kai jami'a, ta yi shekara ashirin tana ganin abu a gidansu, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata dalilinsa. Wannan laifinmu ne mu manya.

Bari in ba ki labarin kakanki, mahaifin mamanki, ko za ki tsinci wani abu a ciki.

A 1976 ne, shekara ɗaya bayan Peter Jatau ya zama Akbishop na Kaduna, mutanenmu ana ta murna ɗan ƙasa ya hau kujerar. Ina aiki a masaƙa a Kakuri, ina zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da rijiya ɗaya. Ƙarshen Oktoba Baba ya zo daga ƙauye da rabin buhun sabon gero, ya ce zai yi mako guda. A lokacin babu wani ambulan a unguwarmu. Malam Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne ke bi gida-gida da kekensa da littafin rubutu irin na 'yan firamare, yana karɓar sunaye. Ya zo mana bayan cin tuwon dare, iska ta fara sanyi, na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, na ajiye fitilar ƙwai a tsakani.

Baba ya ba da sunan mahaifiyarsa, wadda aka yi wa baftisma tana kan gadon mutuwa. Ya ba da sunan yayata, wadda ta rasu wurin haihuwa. Malam ya rubuta, ya jira, da ya ji shiru sai ya fara rufe littafin. Baba ya miƙa hannu ya dafe shafin. Ya ce, "Malam, akwai wani suna, amma na san ba na littafinka ba ne."

Mahaifinsa yake nufi. Ya rasu tun su Fada ba su iso ƙauyenmu ba. Mutumin gargajiya ne, mai yanka kaza a gindin tsamiya, mai layu jere a damtse, kuma da su aka binne shi. Ashe tun ranar da aka yi wa Baba baftisma yake ɗauke da wannan a ransa, fiye da shekara ashirin, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ban taɓa jin muryar Baba ta yi rawa ba sai daren nan. Mutum ne da ko kunama ta harbe shi a gona sai dai ya ɗaure wurin ya ci gaba da noma.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya ce, "Baba, wane irin mutum ne shi?" Baba ya daɗe kafin ya buɗe baki. Ya ce a shekarar yunwa tsohon ya buɗe rumbunsa wa maƙwabta har nasu ya ƙare kafin damina. Bai taɓa matsar da iyakar gona ba ko da taki ɗaya. Baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba. Amma yana da zafin rai, ya taɓa shekara uku ba ya magana da ƙaninsa, ya kuma mutu yana dogara ga layunsa. Baba bai ɓoye ko ɗaya ba.

Sai Malam ya aike ni in ciro masa jakar da ke ɗaure a bayan keke. Ya fito da Littafi Mai Tsarki na Turanci, bangonsa ya sha hannu har ya yi baƙi, ya matso da fitila, ya buɗe littafin Makabiyawa na biyu, sura 12. Yana karantawa yana juya mana da Hausa. Labarin Yahuza ne, shugaban mayaƙan Yahudawa, da ya je kwashe gawarwakin mutanensa bayan yaƙi. Da aka ɗaga rigunansu sai aka tarar kowanne yana ɗauke da kayan tsafin gumaka a ɓoye, abin da Shari'a ta hana. Da Malam ya zo nan sai ya ce, "layu ke nan, Baba." Na ga Baba ya gyara zama. Yahuza bai juya musu baya ba. Ya sa aka yi musu addu'a, ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya saboda zunubinsu, littafin kuma ya yaba masa, ya ce ya yi haka ne domin yana sa zuciya ga tashin matattu.

Malam ya rufe littafin ya ce, "Waɗannan sun san doka suka karya, duk da haka ba a fid da rai a kansu ba. Naka tsohon ko sunan Yesu bai taɓa ji ba." Ya gaya mana babban taron bishop-bishop na duniya da aka gama a Roma a 1965 ya faɗa a fili cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi gaskiyar da lamirinsa ya nuna masa, zai iya samun ceto, kuma ceton nan ta wurin Kristi ne ko da shi bai san sunansa ba. Ya ce, "Ni ban ce maka yana Sama ba, ban kuma ce yana wuta ba, ba a ba ni wannan mabuɗin ba. Abin da na sani, Yesu ya mutu dominsa kamar yadda ya mutu dominka. Faɗi sunan."

Baba ya faɗa. Malam ya rubuta. Kin san kakanki bai iya karatu ba, sai ya ce a nuna masa wane ne a cikin layukan. Aka nuna masa na uku. Ya ɗora ɗan yatsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba, har jiniyar masaƙa ta buga ta masu aikin dare. Ya kwance lalitarsa ya ciro 'yan kwabbai. Malam ya ce ya bari in babu hali, za a yi Misar ko da ko sisi. Baba ya ce a'a, tsohon bai taɓa zuwa gidan mutum hannu rabbana ba, shi ma ba zai kai sunansa haka ba.

Ga maganar kuɗinki nan. Ba a sayar da Misa, kuma dokar Ikilisiya ta ce a yi wa matalauci ko bai kawo komai ba. Abin da ake sawa baiko ne, don Fada ma yana cin abinci yana sa mai a babur. In kin taɓa ganin inda aka mai da shi ciniki, wanda ya yi haka ya yi kuskure, shi zai amsa.

Ƙawarki kuwa, kada ki yi faɗa da ita. Yarinyar da ke buɗe Littafi tana neman aya abar girmamawa ce, kuma da gaskiyarta da ba ta ga Makabiyawa ba, don babu shi a nata. Nata, irin na 'yan Furotesta, littattafai 66 ne, namu na Katolika 73: 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Bakwai ɗin da muka ɗara su su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Suna cikin Tsohon Alkawari na harshen Girkanci wanda Kiristocin farko suka yi amfani da shi, Ikilisiya ta riƙe su, taron Tirent kuma ya sake tabbatar da su a 1546 bayan an samu rabuwa a Turai. Ki ɗauki naki ki nuna mata cikin ladabi. Amma ki fara karantawa tukuna, don na san halinmu 'yan Katolika, Littafi yana kan tebur an lulluɓe shi da farin ƙyalle, shekara ta zagayo ba a buɗe ba.

Baba yakan ce, tun kafin a rubuta gona a takardar hakimi ake nomanta. Manzanni sun yi shekaru suna wa'azi, suna baftisma, suna kakkarya gurasa kafin a rubuta Bishara ko ɗaya. Bulus da kansa, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, sura 2 aya 15, ya ce su riƙe koyarwar da aka ba su, ko da baki ko a rubuce. Shi ya sa mu muke cewa Littafi da koyarwar da aka gada daga manzanni daga rijiya ɗaya suke, ba a raba su. Kakanki bai taɓa karanta harafi ɗaya ba, amma in ya durƙusa yana Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama, duk wanda ya gan shi ya san da Wanda yake magana. Daga bakin Malam ya karɓa, Malam daga bakin Fada, haka har can baya.

Inda ta ce littafin mamaci ya rufe, a nan ma tana da rabin gaskiya. Bayan mutuwa babu tuba, babu canja hanya. Addu'armu ba ta fid da kowa daga wuta. Amma bari in gaya miki abin da na yi shekara talatin ina gani da idona. A masaƙa, yadin da ya fito daga injin saƙa akoko ne, ga sitati, ga maiƙon inji, ga ɗigo-ɗigon ƙwayar auduga. An duba shi, an karɓa, ya zama na kamfani, ba ya cikin wanda aka jefar. Duk da haka ba a buga masa zane a haka, don rini ba ya kama shi. Sai an wanke, an dafa, an sa masa bilic ya yi fari fat. Ni a wannan sashen na yi aiki, har yau in na tuna warin wurin sai in ji shi a maƙogwaro. Ru'ya ta Yohanna ta ce ba abin da ke da ƙazanta da zai shiga birnin nan na Sama, Bulus kuma ya yi maganar wanda zai tsira amma kamar ta cikin wuta. Mu nawa ne ke mutuwa fari fat? Yawancinmu akoko ne, 'yata: Allah ya karɓe mu saboda jinin Ɗansa, amma ga sauran gaba da ƙani, ga sauran rowa, ga ƙaryar da ba a gyara ba. Wannan wankin shi su Fada ke kira Furgatori. Duk wanda ke can na Allah ne, Sama zai shiga. Mu da ke nan muna taya shi da addu'a, kamar yadda za ki taya ni in ina kwance a asibiti. Zumunta a ƙafa take, in ji mutanen da. Inda ƙafa ba ta kaiwa, sai gwiwa.

Ceto kyauta ne, ba wanda ya taɓa biyan kuɗinsa sai Yesu. Sai dai wanda ya karɓi kyautar ana gani a hannunsa, shi ya sa Yakubu ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Ki lura, Malam bai tambayi Baba ko tsohon ya iya wata addu'a ba. Rumbun ya saurara, da iyakar gona, da baƙon zaure.

Zuwan Baba na ƙarshe Kaduna shi ne a Fabrairun 1982, da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo ya naɗa sababbin Fada a Dandalin Murtala. Mun tsaya cikin rana tun safe, na ce ya zauna ya ƙi. A hanyar komawa Kakuri ya kama hannuna a kan gada ya ce in ya mutu kada in bar sunan tsohon ya faɗi daga littafi. Shekara ta zagayo ya rasu. Tun daga nan sunaye biyun nake rubutawa a jere, uba a sama, ɗa a ƙasa.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, in an yi mutuwa sai a cika WhatsApp da hoto da kyandir, a ɗinka anko, a buga kalanda da bokitin roba mai fuskar mamaci, a ci bashi a yi girki. Kwana uku an canja hoto. Bara, ranar 2 ga Nuwamba, na ƙirga matasan da suka zo Misar tunawa da matattu a cocinmu, yatsun hannuna biyu sun ishe ni. Na je makabarta na tarar ciyawa ta rufe kabarin wani abokin aikina wanda aka yanka sa biyu ranar jana'izarsa. Ban ɗora muku duka ba. Mu ma masaƙa ta cinye mu, da ta rufe kuma neman abinci ya cinye mu, muka miƙa muku ambulan ba mu miƙa muku labarin ba.

In kin samu hutu ki shigo Kaduna ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ki biyo ta Sabon Tasha ki ɗauko mamanki. Ki zo da Littafinki da biro. Hannuna ya fara rawa, bana ke za ki rubuta sunayen, ni in riƙa faɗa miki ko wane ne da abin da ya yi. Na ukun, ke tattaɓa-kunnensa ce.