Tambaya da Amsa: Wutar nawa farantin sola zai ba ni kafin ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambun albasa da lemun tsami a bakin kogi a Mai Wurno, ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 dizal ya gagare ni, wutar gwamnati kuma sai ta ga dama. Ɗana da ke Jidda ya turo kuɗi in sayi farantan sola shida masu wat 550. Mai shago ya ce shekara 25 za su yi. Gaskiya ne, ɗana? Kuma wutar nawa zan samu a tsawon wannan lokaci? (Wani mai lambu, Mai Wurno)

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Mai shago bai yi maka ƙarya ba, amma bai gama magana ba. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 25, cewa farantin zai ci gaba da ba da aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Ba ya mutuwa rana ɗaya kamar ƙwan fitila, tsufa yake yi a hankali, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 kowace shekara.

Mu yi lissafi. Faranti shida masu wat 550 sun ba ka kilowat 3.3. A yankin Sinnar, inda Mai Wurno take, da irin ranar da Allah ya ba mu, in an cire asarar zafi da ta wayoyi, nakan ɗauka kowane kilowat zai ba da yunit huɗu da rabi a rana, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Ke nan yunit 15 a rana, wajen 5,400 a shekara. In ka haɗa shekara 25 ka cire na tsufa, za ka tashi da kusan yunit 125,000. Wannan ƙiyasina ne ga farantin da ake kula da shi.

Kulawar nan ce nake so ka riƙe. Wat 550 ɗin da ke rubuce a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu da Mayu, in ka dafa gilashin da tsakar rana sai ka janye hannu, don yakan haura digiri 60, kuma wannan kaɗai na cin fiye da kashi 10 na wutar. Saboda haka kada a manna shi a kan kwano. A ɗaga shi bisa ƙarfe iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa, ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15.

Sai ƙura. Na taɓa zuwa gonar wani dattijo bayan habub, wato guguwar ƙura, yana ta rantsuwa an sayar masa da jabu. Na ja yatsa a kan gilashin, layi ya fito kamar an yi rubutu a allo. Bokiti ɗaya da tsumma mai laushi muka sa, kafin mu sauko ruwan da ke fita a bakin bututu ya ƙaru, har ya yi shiru yana kallo. A wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kashin tsuntsu ko inuwar reshe guda ma na iya rage ƙarfin jerin gaba ɗaya.

Abin da zai ci maka kuɗi a shekarun nan ba farantin ba ne. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar faranti irin ta gida, takan yi shekara 10 zuwa 15, batirin ruwa kuwa a zafinmu da wuya ya wuce shekara uku. Tun da ban-ruwa ne buƙatarka, Baba, ni da kai ne ba zan sayi batir ba. Ka haɗa farantan da famfo ta na'urar sarrafa shi, ya yi ta jan ruwa daga hantsi zuwa la'asar, ka gina tafki ko ka ɗora tanki a tudu. Kuɗin batirin ka sayi waya mai kauri da su, ka kuma sa a yi wa ƙarfen walda mai kyau saboda iskar damina da masu dogon hannu.